Kuɗin gyaɗata ya ƙare a littattafai, wa'azin kuma bai gyaru ba

Wasiƙar wannan makon daga wani ƙauye ta fito a ƙasar Sumaila. Na taƙaita ta, na kuma cire sunan mai ita kamar yadda ya roƙa.

"Baba, ina gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ni manomi ne, shekaruna 29, da mata da 'ya'ya biyu. Na gama sakandare ban ci gaba ba. Majami'armu ƙarama ce, ba mu kai mutum 50 ba har da yara. Fastonmu ƙauye uku ne a wuyansa, sai bayan mako biyu ko uku muke ganinsa. Bara dattawa suka ɗora mini binciken Littafi Mai Tsarki na ranar Laraba, da wa'azi duk Lahadin da fasto bai zo ba. Da kaka na sayar da buhu biyu na gyaɗa, na shiga Sabon Gari na sayo littattafai tara, duk na Turanci. Uku na addu'ar karya la'anar gida ne, biyu na asirin samun arziki, sauran huɗun ko shafi goma ban iya wucewa ba. Ga waɗanda ake turo mini ta WhatsApp sun cika waya. Mai ɗakina har yau ba ta huce ba, don kuɗin taki ne. Ran nan na ce a buɗe Wahayin Yahaya, sai ƙanin mahaifina, wanda dattijon ikkilisiya ne, ya ce shi babu wannan a Littafinsa, Ru'ya ta Yohanna ya sani. Aka yi dariya, na rasa ta cewa. Da aka tashi ya ja ni gefe ya ce yawan karatu yana kashe Ruhu. Baba, me zan karanta? Ko kuwa tauhidi sai wanda ya je Jos?"

Ɗana, sannu da ɗawainiya. Ka gaishe mini da mai ɗakinka, ka faɗa mata Baba ya ce tana da gaskiya. Kuɗin taki ba ya zama kuɗin littafi sai an yi shawara a ɗaki. Wannan za ka fara gyarawa kafin mu taɓa takarda. Ka ba ta haƙuri, kada ka liƙa "amma ai aikin Allah ne" a wutsiyar maganar, sannan ku zauna ku ga inda takin zai fito kafin ruwa ya sauka. Mutumin da ya tsaya a bagadi, matarsa na zaune a layin zumuntar mata tana lissafin buhun gyaɗa, ko ya haddace littafi tara rabin wa'azi yake yi.

To, sai zancen baffanka. Da kai da shi babu wanda ya yi kuskure, kuma da ka san dalili da dariyar nan ta zama darasin da ya fi kowane daɗi a wannan shekara.

Littafin da ke hannunsa tsohuwar fassara ce. A 1932 aka fara buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, kuma Likita Miller na Zariya ne ya ja ragamar aikin, shi ne mutumin da ya zo Kano a 1900 cikin ayarin Bishop Tugwell, Sarki Alu bai ba su izinin zama ba suka juya. Tun kafin shi ma an fara. Wani Bajamushe mai suna Schön ya fitar da Sabon Alkawari a 1880, kuma Hausar da ya dogara da ita yawanci daga bakin Dorugu ya same ta, yaron nan Bahaushe da matafiyi Barth ya tafi da shi Turai, wanda daga baya ya dawo ya ƙare rayuwarsa a Kano. Naka kuwa fassarar 1979 ce. Masu wannan aikin sun zaɓi sunaye da kalmomin da Bahaushen kasuwa ya saba ji, shi ya sa Yohanna ya koma Yahaya, Ru'ya ta koma Wahayi, Misalai ya koma Karin Magana, Kubawar Shari'a ta koma Maimaitawar Shari'a, Mai Wa'azi ya koma Mai Hadishi. Akwai kuma ta baya-bayan nan, Sabon Rai Don Kowa, ta 2020, wadda ta maido da Yohanna. Littafi ɗaya ne, an ɗebo shi daga Ibrananci da Helenanci an zuba a ƙwarya uku.

Ka ga ke nan abin da kake nema a Sabon Gari rabinsa yana cikin aljihun baffanka. Ɗaliban da ke manyan makarantun tauhidi, cikin abubuwan da ake koya musu akwai su jera fassara biyu ko uku su duba aya ɗaya. Inda fassarorin suka yi daidai, sai a wuce. Inda suka bambanta, a nan akwai kalmar da ta ba masu fassara wuya, a nan ne ake tsayawa a yi tono. Kai kana da ta 1979, shi yana da ta 1932, ta ukun kuma kyauta ce a manhajar YouVersion, in ka sauke ta a waya ranar da ka shiga gari ba ta ƙara neman data. Ranar Laraba mai zuwa ka roƙe shi a gaban kowa, ka ce, "Baffa, a karanta mana yadda take a tsohon Littafi." Kai kuma ka karanta naka, ka tambayi jama'a ina suka ji bambanci. Dattijon da aka ba shi aikin yi ba ya samun sukunin jan mutum gefe.

Yanzu ga babbar maganata, kuma daga maƙwabtanmu zan aro ta. Ka taɓa lura da yadda ake ɗaukar karatu a makarantar zaure? Ɗalibi ba ya zuwa da littafi tara. Ɗaya yake rungumowa, ya durƙusa gaban malam, a biya masa layi biyu ko uku, a fassara, ya koma ya yi ta nanatawa, gobe ya dawo. Ba ya taɓa na biyu sai ya kai na farko bango. In ka tambaye shi ba ya ce maka "na karanta littafi kaza", sai ya ce "na ɗauke shi a wurin malam wane". Mu da muka taso a ƙasar Kano mun ga wannan tun muna yara, amma da muka zo namu karatun sai muka koma kamar mai kiwon kaji a kasuwa, tsinci nan, tsinci can. Cutarka ba rashin littafi ba ce. Ba ka taɓa kai ɗaya bango ba, kuma kai kaɗai kake karatunka.

Saboda haka ka ɗauki Markus. Sura 16 ce kacal, mutum na iya karance ta da babbar murya tsakanin azahar da la'asar. Ka karanta ta gaba ɗaya a zama ɗaya, sau uku cikin wata guda, kafin ka yi wa'azi ko ɗaya daga cikinta. Sannan ka bi ta ranar Laraba kashi-kashi, ko da za ta ci wata shida. Ka sayi littafin rubutu na 'yan makaranta, kowane kashi ka amsa wa kanka: wa ke magana, da wa yake, me ya faru kafin nan, me ya biyo baya. In ka zo sura ta 4, inda mai shuka ya fita shuka, da inda mutum ya watsa iri ya je ya kwanta iri ya tsiro bai san ta yaya ba, ka yi shiru ka bar manoman da ke gabanka su yi magana. Sun san ƙasar da ke kan fā, sun san abin da ƙaya ke yi wa gero, fiye da duk wanda ya rubuta sharhi a Ingila.

A gefe guda kuma kana bin Littafin gaba ɗaya don kanka. Littattafai 66 ne, sura 1,189. Sura uku kullum, biyar ranar Lahadi, shekara guda ta ishe ka. Na san da damina mutum yana dawowa daga gona ƙashinsa duk ya mutu, ido ba ya iya bin layi. A nan waya take da amfani. Akwai Littafi Mai Tsarki na Hausa da aka ɗauka da murya, ana samunsa a manhajar Bible.is, ana kuma iya zuba shi a memori. Ka rataya wayar a wuya kana noma kana ji. Da rani sai ka rama da ido.

Me ya sa na nace a kan "wa ke magana"? Don ni ma na sha kunya, tawa ma ta fi taka. Ina sabon mai bishara, na tsinci wata aya a Ayuba 22:21 da ke cewa mutum ya shirya da Allah alheri zai same shi. Ta yi mini daɗi, na gina wa'azin kusan awa guda a kanta, na ce duk wanda ke cikin wahala ya binciki kansa. A gaba kuwa ga wata baiwar Allah da ta binne ɗanta makonni kaɗan kafin nan. Bayan sujada wani tsoho da ko firamare bai yi ba, yaƙi da jahilci kawai ya shiga, ya ce, "Malam, wane ne ya faɗi maganar nan?" Na duba, ashe Elifaz ne, ɗaya daga cikin abokan Ayuba. Ya ce in buɗe 42:7. A can Allah da kansa ya ce ya husata da Elifaz don bai faɗi gaskiya game da shi ba. Wato na kwashe awa guda ina wa'azin mutumin da Allah ya tsawata wa. Tsohon nan ba shi da littafi ko ɗaya ban da Littafi Mai Tsarki da Littafin Waƙoƙi, amma ya bi Ayuba daga farko har ƙarshe, ni kuwa aya na tsinta.

In kuɗi ya sake samuwa, da yardar mai ɗakinka, littafi ɗaya zan ce ka saya: sharhin nan da ake kira Africa Bible Commentary. A 2006 ya fito, marigayi Tokunboh Adeyemo ne babban editansa, malaman Afirka 70 suka rubuta shi, ya bi Littafi Mai Tsarki tun daga Farawa har Wahayi a kundi guda. An fassara shi zuwa Hausa, kuma na Hausar nake so ka nema. Abin da ya sa na fifita shi, ban da bayanin ayoyi akwai gajerun maƙaloli a kan abubuwan da ake kawo wa mai wa'azin ƙauye da dare: maita, auren mace fiye da ɗaya, gādon gwauruwa, biki da makoki. Mu da kakanninmu suka fito daga gidajen Maguzawa, tambayarmu ba ita ce ta Bature ba. Tamu ita ce, in yaro ya faɗi yana fizge-fizge, iska ce ko farfaɗiya, kuma wa za a kira? Littafin yana da nauyi, yana da tsada. Ba dole ya zama naka kai kaɗai ba. Ka kai maganar gaban dattawa a saya da kuɗin ikkilisiya, ko ku haɗa hannu da sauran ƙauyuka biyun da fasto ke zagayawa. Sharaɗi ɗaya: sharhi shi ne na ƙarshen buɗewa. Sai ka gama naka tonon ka rubuta abin da ka gani, sannan ka duba ko ka kauce. Wanda ya fara da sharhi, bakin wani yake ara.

Kada ka raina ƙananan da ke kusa da kai. Abincin Yini yana ba ka karatun kowace safiya tare da iyali. Littafin Waƙoƙi kuwa, iyayenmu da yawa daga cikinsa suka koyi tauhidinsu, suna daka suna rerawa. Wani lokaci ka ɗauki waƙa ɗaya ka nemo ayoyin da ke bayan kowane baiti, za ka ga Laraba guda ba ta isa ba. Sai ɗan littafin tambaya da amsa na ajin baftisma, da Shaidar Bangaskiya ta Manzanni. Ka haddace su kamar sunanka. Ranar da abokinka Musulmi ya tambaye ka a gindin bishiya, da kyakkyawar niyya, yadda kuke cewa Allah ɗaya ne kuma kuna zancen Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, ba littafin asirin arziki ne zai cece ka ba. Ka san cewa ikkilisiya ta daɗe da zama a kan wannan tambaya, an yi babban taro a kanta a Nikiya a shekara ta 325, kuma mutumin da ya kwashe rayuwarsa yana kare abin da aka tsayar, Atanasiyus, bishop ne na Iskandariya a Masar. Shi ne ma a wasiƙarsa ta 367 ya jera littattafai 27 na Sabon Alkawari daidai yadda suke a hannunka. Agustin, wanda har yau ake karanta shi a kowace makarantar tauhidi, mutumin ƙasar da ake kira Aljeriya ne yanzu. Na faɗi wannan ne don ka daina ganin tauhidi kamar kayan da aka sauke daga jirgi. In za ka amsa wa abokin naka, ka bi 1 Bitrus 3:15, da tawali'u da ladabi, in kuma ba ka sani ba ka ce za ka tambayo. Musu a kasuwa bai taɓa ƙara wa majami'a mutum ɗaya ba, ya dai rage maƙwabta.

Na Turanci fa? Ba na hana ka, amma daga baya, kuma na mutanenmu tukuna, don Turancinsu mai sauƙi ne, misalansu na gida. Farfesa Samuel Waje Kunhiyop yana da biyu: African Christian Ethics na 2008, da African Christian Theology na 2012. Na biyun yana bin manyan koyarwa ɗaya bayan ɗaya, Allah, zunubi, ceto, ikkilisiya, mutuwa da abin da ke bayanta. Shi zan ce ka fara da shi, shafi biyu a rana, da ƙamus a gefe, kana mayar da abin da ka gane zuwa Hausa a littafin rubutunka. Abin da ka kasa faɗa da Hausa ba ka gane shi ba tukuna. Akwai kuma Byang Kato, ɗan Kwoi, wanda ya rubuta Theological Pitfalls in Africa a 1975, a shekarar kuma ya rasu a teku a Kenya yana da shekara 39. Nasa ya fi tauri, ka ajiye sunan a ranka zuwa gaba. Wurin saye, ka nemi kantin Challenge na ECWA, ko na ACTS da ke da cibiya a Bukuru kusa da Jos. Duk lokacin da fasto zai je taro can, ka ba shi saƙo. Ya fi tsintar abin da aka baza a kan tabarma a bakin tasha.

Taran nan da ka riga ka saya, ban gan su ba, ba zan yanke musu hukunci a makance ba. Ga yadda za ka auna su da kanka. Ka ɗauki ayoyi biyar na farko da marubucin ya kawo, ka buɗe kowace ka karanta surar gaba ɗaya. Masu littafin arziki suna son 3 Yahaya aya ta 2. Ka duba za ka ga gaisuwa ce a farkon wasiƙa zuwa ga wani mutum mai suna Gayus, kamar yadda ka buɗe taka da "ina gaisuwa". Ba alkawarin mota ba ne. Masu la'anar gida kuma, ka ajiye maganarsu kusa da Ezekiyel 18:20 da Galatiyawa 3:13 ka ga ko za ta tsaya. Littafin da ka rufe shi ka ji kana zargin gwaggonka da maita, ko kana jin sai ka aika wa wani kuɗi kafin Allah ya ji ka, kada ya hau bagadi tare da kai. Huɗun da suka gagare ka, ka nuna wa fasto, wataƙila akwai na kirki a ciki da lokacinsu ne bai yi ba. Na WhatsApp kuwa, wanda babu sunan marubuci ko na maɗaba'a, share shi ka samu wurin zuba Littafin murya.

Baffanka bai yi ƙarya gaba ɗaya ba da ya ce karatu na kashe Ruhu. Ya ga yaran da suka tafi makaranta suka dawo suna jefa kalmomin Helenanci a kan tsofaffi, ba sa iya zuwa gaisuwar mutuwa. Mai Hadishi 12:12 ma ya ce yawan karatu yana gajiyar da jiki, Bulus kuma ya ce ilimi yakan kumbura mutum. Amma Bulus ɗin nan, yana kurkuku yana jiran mutuwa, ya rubuta wa Timoti ya taho masa da alkyabbarsa da littattafansa, musamman fatun nan masu rubutu. Yana nan a 2 Timoti 4:13. Kada ka je ka harbi baffanka da wannan aya. Ka kai masa goro, ka ce kana so ka riƙa biya masa abin da za ka faɗa ranar Lahadi tun daren Asabar. Afolos na cikin Ayyukan Manzanni gwanin magana ne, masanin Littattafai, amma sai da Bilkisu da Akila, masu ɗinkin tanti, suka ja shi gida suka daidaita masa hanya. Baffa ne malaminka na zaure, shi da fasto duk ranar da ya zo.

Zancen Jos. Makarantun tauhidi suna nan, kuma ina fata wata rana ka je. TCNN a Bukuru tun 1959 take, JETS a Jos tun 1980, ga ta Kagoro, ga kuma ta Tofa nan cikin jihar Kano, ba sai ka hau dutse ba. Amma ba a tafiya don an ji kunya ranar Laraba. Ka yi shekara guda a kan abin da na faɗa maka. In ƙishin ya ƙaru maimakon ya ragu, ka gaya wa fasto ya kai maganarka gunduma, ka kuma tambaye shi tsarin karatun tauhidi daga gida, wanda mutum ke yi yana gonarsa ana haɗuwa da malami lokaci-lokaci. Mai mata da 'ya'ya biyu da gona, ikkilisiya ce ya kamata ta aike shi, ba shi zai sulale ba.

Abu na ƙarshe, ka nemi akwatin ƙarfe mai murfi, ka ɗora shi a kan bulo, nesa da bango. Gara ta cinye mini littattafan da na tara shekara shida a damina ɗaya, ba ta tambayi wanne ne na kirki ba. In ka kai Markus bango ka sake rubuto mini, ka gaya mini abin da Baffa ya ce a kan sura ta 4, da yadda aka ƙare da takin.